Gyaran Tsohon Taragon Wutsiya: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ƙananan Garuruwan Amurka ke Tara Kuɗin Aikin

Duk wanda ya ratsa ƙananan garuruwan Amurka ko Kanada da mota zai yi ta cin karo da wani ɗan tarago guda, a ajiye kan guntun dogo, gefen tsohuwar tashar jirgi ko cikin filin wasan yara. Wani yana sheƙi da sabon fenti, wani kuma tsatsa ta cinye shi har ciyawa ta tsiro a ƙofarsa. Sau da yawa akwai allo a kusa, ana roƙon gudummawa don a gyara shi. Ga amsoshin abin da mutane suka fi tambaya game da wannan tarago da kuɗin gyaransa.

Wane irin tarago ne wannan?

Shi ne taragon da ake ƙullawa a can ƙarshen jirgin dakon kaya. Amurkawa suna kiransa kabus. Ba na fasinja ba ne, ba kuma na kaya ba. Ɗakin ma'aikata ne: ofishin kwandasta, wurin kwanan masu birki, kicin, da wurin tsaro, duk a cikin akwati guda mai tsawon ƙafa 30 zuwa 40. Na farko-farko da katako aka yi su, daga baya aka koma ƙarfe. Abin da ya fi bambanta shi da sauran taragai shi ne 'yar hasumiya mai tagogi da ke bisa rufinsa, ko kuma taga mai ɓullowa waje a kowane gefe.

Wane aiki ake yi a cikinsa?

Kallo, galibi. Jirgin kaya na iya kai tarago ɗari, kuma direban da ke can gaba ba ya ganin abin da ke faruwa a bayansa. Sai mutum ya hau hasumiyar ya zauna, idonsa a kan jerin taragai duk lokacin da jirgi ya sha kwana. Yana neman kayan da suka goce, ko ƙarfen da ya saki yana jan ƙasa, ko hayaƙi daga ƙafar wani tarago. Wannan hayaƙin shi ne babban abin tsoro. A da, bakin gatarin ƙafa yana juyawa ne cikin akwatin da aka cusa wa tsumma jiƙe da mai. In man ya ƙare, wurin ya yi zafi ya kama wuta, in ba a tsaya ba gatarin ya karye jirgi ya kauce daga dogo. Da dare ba a ganin hayaƙi, sai dai a ji ƙaurinsa, shi ya sa ake barin taga a buɗe ko da sanyi.

Kwandasta yana da teburinsa, inda yake bin takardun kowane tarago: me ya ɗauko, ina za a sauke shi. A jikin bango akwai agogon da ke nuna ƙarfin iskar birki, da wani hannu da zai ja ya tsayar da jirgin gaba ɗaya in ya ga haɗari. In jirgi ya tsaya a daji ba shiri, mai tuta zai sauka ya koma baya da ƙafa, da jar tuta ko fitila, ya ɗaura wasu 'yan ƙananan nakiyoyi a kan dogo, domin in wani jirgi ya taho ya taka su, ƙarar ta gargaɗi direbansa. Kafin birkin iska da George Westinghouse ya ƙirƙiro a 1869 ya bazu, masu birki kan hau rufin taragai jirgi na gudu, suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan suna murɗa birkin hannu. An yi asarar rayuka da gaɓoɓi ba kaɗan ba a wannan aiki, har aka yi dokar tarayya a 1893 da ta tilasta wa kamfanoni sa birkin iska da maƙulli mai kama kansa.

Akwai murhun kwal da aka ɗaure da ƙusa a daɓe, da ɗan shinge a bakinsa don kada tukunya ta zame. Akwai sandar ƙarfe a tsawon silin da mutum zai riƙe. Dalilinta shi ne fizgar da jirgi ke yi: in kan jirgi ya ja ko ya ci birki, sassaucin da ke tsakanin taragai yana taruwa yana bin layi har ya iso wutsiya da ƙarfin da zai maka mutum da bango. Shekaru da yawa kowane kwandasta da taragonsa, har ya sa labule ya manna hotunan iyalinsa.

To me ya sa aka daina amfani da shi?

Na'ura ta karɓe aikin. An sauya ƙafafun taragai zuwa masu boris da ba sa yawan zafi, an kafa na'urori a gefen dogo masu gano ƙafar da ta yi zafi su sanar da direba ta rediyo, takardu kuma suka koma kwamfuta. Sai aka fito da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bayan taragon ƙarshe, mai jar fitila tana walƙiya, tana aika wa direba ƙarfin iskar birki. Kamfanin Florida East Coast ya fara amfani da ita tun 1969. A 1982 kamfanoni suka cimma yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikatan jirgi da ta ba su damar cire taragon daga jirage da dama, jihohin da ke da dokar tilasta shi kuma suka yi ta sokewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekarun 1980 su ƙare, ya kusa ɓacewa daga manyan layuka. Ma'aikatan jirgin kaya da a da suke biyar suka koma biyu, dukansu a gaba. Akwai tsirarun da ake ja har yau, a gajerun tafiye-tafiye inda jirgi ke komawa da baya kuma ana buƙatar wurin da mutum zai tsaya.

Yaya aka yi suka faɗa hannun gidajen tarihi?

Kamfanoni sun wayi gari da dubban taragai da ba su da aikin yi. An yanka da yawa an sayar wa masu narka ƙarfe. Wasu aka sayar da arha, wasu aka bayar kyauta ga garuruwan da layin kamfanin ya ratsa. Mutane sun mai da su shaguna, ofisoshin masu yawon buɗe ido, har da ɗakunan kwana: a kusa da Strasburg ta jihar Pennsylvania akwai masaukin baƙi da aka buɗe a 1970 da irin waɗannan taragai 19. Manyan gidajen tarihin jirgin ƙasa, irin na tsohon kamfanin jirgin ƙasa na B&O a Baltimore, da na garin Union a jihar Illinois, da na Sacramento a Kalifoniya, suna da nasu a cikin rumfuna, da ma'aikata masu kula da su. Waɗanda ake yi wa gidauniya su ne na ƙananan garuruwa, waɗanda ƙungiyar tarihin gari mai mambobi 'yan ƙalilan, yawancinsu 'yan fansho, ta karɓa da murna shekara talatin ko arba'in da suka wuce ta ajiye a fili.

In kyauta aka samu, kuɗin me ake nema?

Kyautar ita ce mafi arha a cikin lamarin. Taragon ƙarfe yana kai tan 20 zuwa 30. Yawancinsu ba a yarda a ja su a kan dogo yanzu, ko kuma garin ma an riga an tumɓuke dogonsa. Dole a ɗauko injin ɗaga kaya, wani lokaci biyu, a raba gangar jikin da ƙafafun, a ɗora kowanne a kan tirela mai gajeren baya. A nemi izinin hanya saboda tsayi da faɗi, a duba gadoji, a ɗaga wayoyin lantarki inda hasumiyar za ta taɓa. Can inda za a sauke, sai an share fili, an zuba tsakuwa, an jera katakai an shimfiɗa dogo. Ba abin mamaki ba ne kuɗin dakon ya ninka kuɗin sayen. Duk wannan kafin a taɓa gwangwanin fenti.

Me ke lalata shi, kuma ta ina ake fara gyara?

Ruwa. Yana shiga ta mahaɗin hasumiya da rufi, ta bakin bututun murhu, ta gefen tagogi. A taragon ƙarfe sai ya gangara tsakanin ƙarfen waje da katakon ciki ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta ci daga ciki. Daga waje mutum zai ga ɗan kumburi a fenti, in ya soka sukuddireba sai ta wuce. A na katako kuwa ginshiƙan da ke ɗauke da jiki ne ke ruɓewa, har tarago ya lanƙwashe a tsakiya. Inda ake ƙanƙara abin ya fi muni, don ruwan da ya daskare a cikin tsaga yana ƙara buɗe ta kowace shekara.

Saboda haka masu hankali daga sama suke farawa. A toshe rufi, a gyara tagogi, a tabbatar ciki ya bushe. Sannan a kankare tsohon fenti da feshin yashi ko makamancinsa, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya maye da sabo, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa tun kafin ƙarfen ya sha raɓa. Bayan nan a shiga ciki: daɓe, bango, gadaje, kujerun hasumiya, murhu. Launi da rubutun kamfani su ne na ƙarshe.

Matsalar ita ce wannan tsari bai dace da zuciyar mai bayarwa ba. Wanda ya ba da dala ɗari yana son ya wuce a mota ya ga abu ja yana ƙyalli. Kwamitoci da yawa sun bi wannan sha'awa, suka yi fenti a kan tsatsa, aka yi biki aka ɗauki hoto, bayan 'yan shekaru aka dawo ana neman wani kuɗin. A ganina, kwamitin da ya iya tsayawa gaban jama'a ya ce musu kason farko na kuɗinsu zai tafi ne a rufin da ba za su gani ba, shi ya cancanci a ba shi.

Akwai haɗari a aikin?

Akwai, kuma yana cin kuɗi. Tsohon fentin taragai yakan ƙunshi dalma. Amurka ta hana ta a fentin gidaje a 1978, amma yawancin waɗannan taragai sun girmi wannan doka, kuma fentinsu ba na gida ba ne. Wanda ya tuna abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Dole a gwada fentin, a lulluɓe wurin aiki, a tattara ƙurar a kai inda doka ta ce. Haka asbesto, wani abu mai tare zafi da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda ake samu a bayan murhu, a cikin bango ko a daɓe. Wannan ba aikin 'yan sa-kai ba ne, sai kamfani mai lasisi. Tarago ne da yara 'yan makaranta za su shiga su taɓa komai.

Bayan gyara zai sake tafiya?

Galibi a'a. Gyara iri biyu ne: na kallo da na tafiya. Na tafiya yana buƙatar birki mai aiki, ƙafafu masu lafiya, da binciken hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, wadda ke da ƙa'ida ta musamman kan taragon da ya haura shekara 50. Gidajen tarihin da ke da nasu guntun layi ne ke yin wannan, suna ɗaukar baƙi a ciki suna karɓar kuɗin tikiti. Ƙaramin gidan tarihi na kallo kawai yake yi.

Ta waɗanne hanyoyi ake tara kuɗin?

Ba hanya ɗaya ba ce, kuma ba a shekara ɗaya ba. Akan fara da 'yan ƙungiya su yi karo-karo a tsakaninsu, don ba wanda zai sa kuɗinsa a aikin da masu shi ba su sa nasu ba. Daga nan a shiga gari. Ana shirya karin kumallo ko cin abincin dare a sayar da tikiti, ana gwanjon kayan da 'yan kasuwa suka bayar, ana buga riguna da kofuna masu hoton taragon. Wata dabara da ta karɓu ita ce sayar da bulo: mutum ya biya a sassaƙa sunansa, ko sunan kakansa da ya yi aikin jirgi, a kan bulon da za a shimfiɗa a hanyar shiga. Wasu kwamitocin kan raba taragon gunduwa-gunduwa a kan takarda, wannan iyali ya ɗauki nauyin taga, wancan ya ɗauki murhu, banki ya ɗauki matakala. A gaban wurin akan kafa allo mai zanen ma'aunin zafi, ana cika shi da jan fenti yayin da kuɗi ke ƙaruwa.

Intanet ta ƙara wata ƙofa. Ta shafuka irin GoFundMe da Facebook ake samun 'yan garin da suka yi ƙaura shekaru da yawa, da masu sha'awar jirgin ƙasa da ba su taɓa taka garin ba amma suna ƙaunar tsohon kamfanin da sunansa ke jikin taragon. Waɗannan na biyun suna da amfani fiye da kuɗinsu: su ne ke da tsofaffin hotuna da zanen asali.

Sai gudummawar da ba ta kuɗi ba, wadda sau da yawa ita ce ke ceton aikin. Mai injin ɗaga kaya ya ba da yini guda kyauta. Shagon fenti ya ba da fenti. Ɗaliban makarantar koyon sana'a su yi walda a matsayin darasi. Tsofaffin ma'aikatan jirgi su zo ranar Asabar su nuna inda kowane abu yake a da. Aikin gayya ne sosai, sai dai ana rubuta awannin kowa a littafi, domin wasu masu ba da tallafi suna lissafa waɗannan awanni a matsayin kason gari.

Gwamnati ko manyan ƙungiyoyi ba sa taimakawa?

Suna yi, da sharaɗi. Ƙungiyar tarihin jirgin ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1935, tana raba ƙananan tallafi duk shekara ga irin waɗannan ayyuka. Akwai gidauniyoyin gundumomi, da ofisoshin adana kayan tarihi na jihohi. Dokar sufuri ta tarayya ta 1991 ta ware wani kaso da aka gyara tsofaffin tashoshi masu yawa da shi. Amma kusan kowane mai bayarwa yana cewa ne: ku kawo naku, mu ƙara muku daidai da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Suna kuma son ganin takardar mallaka, da ƙiyasin ɗan kwangila, da bayanin wanda zai kula da taragon bayan an gama. A nan ne ƙananan kwamitoci da yawa ke tuntuɓe, don wani lokaci ba a ma san ko taragon na gari ne ko na ƙungiya ba, takardar kyautar ta ɓace tun tuni.

Yaya mai bayarwa zai san kuɗinsa bai salwanta ba?

Yawancin ƙungiyoyin suna da rajista da hukumar haraji a matsayin masu aikin alheri ba don riba ba. Wannan yana ba mai bayarwa damar rage harajinsa, kuma in kyautar ta kai dala 250 sai ya karɓi takardar shaida. Ƙungiyar kuma tana miƙa bayani ga hukumar duk shekara, wanda kowa zai iya dubawa. Bayan wannan, abin lura shi ne ko an buɗe wa aikin asusu na daban, ko kuɗin na shiga aljihu ɗaya da na wutar lantarki da inshora. Tambaya mai kyau da ba a cika yi ba: in kuɗin bai kai ba, me za a yi da wanda aka tara?

Dole ne a yi masa jan fenti?

Ba dole ba, kuma a nan ake samun gardama mai zafi a taron kwamiti. Ja ne ya fi yawa kuma shi yara suka sani daga littattafansu. Amma na kamfanin Union Pacific ruwan ɗorawa ne, na Burlington Northern kore, na Conrail shuɗi. Tarago ɗaya yana iya sauya kamfani da launi da lamba sau uku a rayuwarsa. Sai a zaɓi zamani guda a tsaya a kai, a kankare fenti a hankali a ga abin da ke ƙasa, a gwada da hotuna. Wani lokaci ma taragon bai taɓa bi ta garin ba, daga wani kamfani can nesa aka samo shi, mutanen gari kuma suna son a rubuta masa sunan layinsu. In an yi haka, adalci shi ne a faɗi gaskiya a allon bayani.

Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce, ga mabuƙata a gari?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba kowane tarago ne ya cancanci ceto ba. Wanda ginshiƙansa suka tafi, ko wanda ake da irinsa uku a gundumar, gara a cire abin da zai amfani wani a bar shi. Amma garuruwa da yawa a can jirgi ne ya haife su: kamfani ya kafa tasha, gari ya tsiro a gefenta. In tashar ta rushe aka kwashe dogo, wannan ɗan tarago kan zama abu ɗaya da ya rage wanda yaro zai shiga ya zauna. Manyan gidajen tarihi sun fi nuna kan jirgi da taragon alfarma na masu kamfani. Shi wannan ɗakin lebura ne, da gadonsa da tukunyarsa. Sai dai ƙarfen kaɗai ba ya magana. Waɗanda suka yi aiki a ciki sun tsufa, kuma naɗar muryarsu ba ta cin ko kwatan kuɗin fenti. Kwamitin da ya gyara tarago bai zauna da su ba ya bar rabin aikin.

Bayan bikin buɗewa, an gama?

Ba a gama ba. Fentin da ke shan rana da ruwa yana son sabuntawa, tagogi na fashewa, ɓata-gari na shiga su yi rubutu ko su cire fitilu. Rumfa a kansa ita ce kariya mafi inganci, ko da ba ta da bango, amma ita ce ta fi wuyar samun mai biya, don wasu na ganin tana ɓata hoto. Kwamitoci masu hangen nesa suna ware kason kulawa tun a cikin kuɗin da suka nema da farko, su kuma sa sunan wanda zai hau rufi ya duba shi kowace shekara kafin sanyi.

Akwai makamancin wannan a wajenmu?

Reluwen Najeriya tsarin Ingila ya bi, inda jirgin kaya ke ƙarewa da taragon birki na mai gadi, ba mai hasumiya irin na Amurka ba, amma aikin kusan ɗaya ne. Tarihin kuma ba ƙarami ba ne. Dogo ya iso Kano a 1911, shi ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku. Ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos saboda kuza an rufe shi a 1957, kuma ana iya ganin abin da ya saura na jiragensa a gidan tarihi na Jos. A Legas, ƙungiyar sa-kai ta Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta, ginin 1898, ta mai da shi ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa a 2010.

Tsofaffin taragai suna nan a yashe a manyan tashoshi kamar Zariya da Kafanchan da Minna, kuma 'yan gwangwan ba sa barci. Duk dukiyar hukumar jiragen ƙasa ce, don haka ƙungiyar gari da ke sha'awar ɗaya sai ta fara da rubutacciyar yarjejeniya da hukumar, ta kuma tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ba mu da ƙanƙara, amma muna da damina da gara da zafin da ke fasa fenti, saboda haka maganar rumfa tana nan. Ma'aikatan reluwe da suka yi zamanin jirgin kwal, kafin a koma dizal, kaɗan suka rage, kuma yawancinsu ana samunsu ta ƙungiyar 'yan fanshon reluwe a garuruwan da ke da babbar tasha.